Yadda ake wuce raun na 20 a Zombies na Call of Duty idan ku huɗu ne

Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk wanda ya fara buga Zombies, wato ɓangaren gem ɗin Call of Duty da ake kare kai daga zombi masu zuwa rukuni bayan rukuni, kowane rukuni ana ce masa raun, da abokansa sai ya dawo da magana ɗaya: muna kaiwa raun na 8 ko na 10 sai a kwashe mu gaba ɗaya, ina matsalar take? Wasu suna ganin rashin iya saiti ne, wasu su ce bindiga mai kyau ce ba su samu ba. Ni dai abin da na gani shi ne yawancin ƙungiyoyin da ke mutuwa a raun na 10 tun a raun na 3 suka kashe kansu, ta yadda suka tara maki da yadda suka kashe shi, kowa na yin gaban kansa. Toh shi ne na ce bari in zauna in jero abin daki-daki. Zan yi amfani da taswirar Kino der Toten ta cikin Black Ops 3, saboda ta fi sauƙin fahimta ga sabon shiga kuma duk abin da ka koya a cikinta zai yi maka aiki a sauran wasannin da maƙiya ke zuwa rukuni bayan rukuni.

1. Kayan da kuke buƙata

Black Ops 3 ya fito ne a 2015, amma Kino ba ta cikin ainihin gem ɗin, tana cikin ƙarin da ake kira Zombies Chronicles wanda ya fito a 2017 da tsofaffin taswirori 8 da aka sabunta, kuma daban ake sayensa. Duk wanda zai shiga wasan daga nasa gidan sai yana da shi. In a PS4 ko PS5 kuke, buga wasa ta intanet sai da PS Plus, wato rajistar PlayStation da ake biya, sai dai in mutum biyu za su raba allon talabijin ɗaya a ɗaki ɗaya ba tare da intanet ba. Sauke gem ɗin ne ke cin data sosai, gomman gigabait ne, don haka a nemi waifai ko datan dare, shi kansa wasan ba ya shan data kamar kallon bidiyo, abin da yake so shi ne netwok wanda ba ya tsinkewa.

Wanda netwok ɗinsa ya fi tsayuwa shi ya kamata ya buɗe ɗaki ya gayyaci sauran, domin ta na'urarsa wasan ke bi, in nasa na rawa kowa zai ga zombi na tsalle daga nesa sai ga shi a gabanka. In akwai halin jona waya daga rauta zuwa na'urar ya fi waifai. Sannan hedfon mai makirfo, wannan ba ado ba ne, rabin wasan magana ce. In babu, ku buɗe kiran WhatsApp na rukuni a waya ku ajiye a gefe.

Gargaɗi: idan kuna bugawa ta intanet ba a tsayar da wasan. Wasa mai kyau zai iya cin awa ɗaya da rabi ko biyu, don haka kar ku fara saura minti ashirin a kira salla, kuma wanda ya buɗe ɗakin ya tabbata yana kan inbata ko janareto in ya san wutar unguwarsu ba ta da tabbas. A caja pad tun kafin a fara.

2. Rabon taga kafin a harba ko harsashi ɗaya

Kuna buɗe ido za ku ga kanku a zauren gidan sinima, kowa da maki 500, ƙaramar bindiga, wuƙa da gurneti. Akwai tagogi da aka toshe da katako, ta nan zombi ke ɓalle katakon su shigo. Abu na farko, kowa ya kama tagarsa ya faɗa da baki, ni na ɗauki ta sama, ni ta ƙasa. Wanda ya gama da nasa kar ya juya ya harbe na wani sai in an kira shi.

Wannan dokar ita ce ke hana faɗa. Zombi a wannan wasan kuɗi ne, in ka kashe na tagar ɗan uwanka ka cire masa kuɗi daga aljihu ne, kuma gobe in ya kasa sayen abin kare kansa ya faɗi, kai ne za ka je ɗaga shi cikin haɗari. Mutum ɗaya mai maki 9,000 da mutum uku masu 800 ba ƙungiya ba ce mai nisan zango.

3. Raun na 1 zuwa na 4: tatsar maki

A nan ne ake gina komai, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa. Ga yadda makin yake: duk harsashin da ya sami zombi bai kashe shi ba maki 10 ne, in ka kashe shi da harbi a jiki wajen 50 zuwa 60, harbin kai 100, kisa da wuƙa kuma 130. Mayar da katakon taga 10 ne kowane ɗaya, amma akwai iyakar abin da za a ba ka a kowane raun. Kaga kenan wanda ya harbe zombi a ƙirji ya wuce ya tashi da 60, wanda kuma ya sa masa harsashi huɗu ko biyar a ƙafa sannan ya ƙarasa shi da wuƙa ya tashi da kusan ninki uku, a kan zombi ɗaya tak.

Ƙarfin zombi a raun na 1 shi ne 150, kuma sukan wuƙa ɗaya ya ishe shi. A raun na 2 ya koma 250, sai suka biyu, ko ka zazzage masa harsashin da ke cikin ƙaramar bindigar a ƙafa sannan suka ɗaya. Haka yake ƙaruwa da 100 duk raun. Zuwa raun na 3 da na 4 wuƙa ta fara zama haɗari domin sai ka soka aƙalla sau uku shi kuma yana kai maka duka, don haka ka soka ka ja baya, ka sake matsowa ka soka, kar ka tsaya a jikinsa. Ba tare da kariya ba duka 3 a jere ne ke kayar da mutum a Black Ops 3.

Wata dabara da sababbi ba su sani ba, ka bar su su shigo ciki kafin ka kashe. Zombin da aka kashe a bayan taga ba ya yar da kyauta, wato abin taimako da ke faɗowa ƙasa ka taka ka ɗauka, sai wanda ya riga ya tako cikin fili. Ka bar shi ya ɓalle katakon ma, ai kuɗin gyara ne ya samar maka.

A bangon zauren akwai zanen bindigogi biyu na alli, RK5 da Sheiva, kowace 500. Shawarata kar a taɓa su a raun na 1. In harsashin ƙaramar bindigarka ya ƙare a raun na 2 ko na 3 kuma ka ga an fara matsa maka, ɗauki RK5, ba laifi. Amma mutum huɗu duk su saya tun farko asarar 2,000 ce, kusan rabin kuɗin ƙofofi kenan.

Gargaɗi: in Nuke ta faɗo a waɗannan raun ɗin na farko, wato kyautar nan mai siffar bam, kar ka ruga ka taka. Tana kashe duk zombin da ke fili ta ba kowa 400 kawai, ku kuma da kun bi su da wuƙa da kun fi haka samu. A jira sai saura ɗaya ko biyu sannan a ɗauka, in ba ta ɓace ba.

4. Ƙofofi: hanya ɗaya, karo-karo

Daga zaure akwai hanya biyu zuwa dandamalin sinimar inda makunnin wuta yake, ta sama da ta ƙasa. Kowace ƙofa huɗu ce: 750, 1,000, 1,250, sai wata 1,250, jimla 4,250. Ku zaɓi ɗaya kawai. Ni na fi son ta sama, wadda ke bi ta babban ɗakin da injin lemon Speed Cola yake, ta wuce ɗakin canza kaya ta ɓulla dandamali, saboda ɗakunan sun fi faɗi, akwai wurin kaucewa. Ta ƙasa tana bi ta lungu ne, matsattse, ko da yake can ne injin lemon Double Tap yake, za a buɗe ta daga baya.

A wannan taswirar babu yadda za ka miƙa wa wani maki hannu da hannu, don haka sayen ƙofa shi ne taimakon da za ka iya yi. Ƙofa huɗu, mutum huɗu, kowa ya sayi ɗaya. Mai ƙaramin maki ya ɗauki ta 750, masu kauri su ɗauki na 1,250. Akwai irin ɗan wasan da zai tsaya a bakin ƙofa da maki 3,000 yana kallon sama yana jiran wani ya buɗe don ya ruga akwatin sa'a mai ba da bindigogi, dan Allah kar ka zama shi, kowa na ganin makin kowa a gefen allo.

A bar zaure wajen ƙarshen raun na 3 ko na 4, a tafi tare. Duk ƙofar da aka buɗe sababbin tagogi ne suka buɗu, don haka in mutum ɗaya ya yi gaba shi kaɗai, zombi za su fito masa ta wurin da bai zata ba. Kuma lokacin da ya dace a yi tafiyar shi ne idan saura zombi ɗaya a raun ɗin, a bar shi da rai yana binku a hankali ku kuma kuna sayayya. In za a samu a kunna wuta kafin raun na 6 an yi daidai.

Gargaɗi: da zarar an kunna wuta labulen dandamali zai buɗe, ƙofar da ke tsakanin zaure da ɗakin kallo ita ma ta buɗe, sannan wasu halittu masu rarrafe za su fara saukowa daga rufi. In ka harbe su a kusa da kai suna fashewa da wani koren hayaki mai rufe ido. Ka kashe su tun suna nesa, ko ka ja baya daga hayakin.

5. Karnuka

Tsakanin raun na 5 da na 7 za ku ga gari ya yi hazo, sautin ya canza, ba zombi sai karnuka masu wuta a jiki suna fitowa da walƙiya. Daga nan za su riƙa dawowa duk bayan raun 4 ko 5. Suna da gudu amma ba su da ƙarfin jiki sosai. Ku haɗu wuri ɗaya ku ba bango baya, kowa ya fuskanci gabansa, kar wani ya ce zai yi tsere da su.

Kare na ƙarshe kullum yana yar da Max Ammo, wato cikon harsashi na kowa da kowa. A nan akwai kuskuren da ke ba ni haushi ƙwarai. A Black Ops 3 kyautar tana cika ajiyarka ne, ba ta cika wanda ke cikin bindiga ba, don haka kafin a taka ta kowa ya sake lodin bindigoginsa duka biyu, mai gurneti ya jefa in yana so, sannan mutum ɗaya ya tambaya kowa ya yi lodi? In an amsa sai ya ɗauka. Tana daɗewa a ƙasa wajen daƙiƙa 30 kuma sai ta fara ƙiftawa kafin ta ɓace, babu dalilin gaggawa.

6. Juggernog kafin komai

Bayan wuta, injinan lemo sun fara aiki, kowace kwalba da ka saya ka sha tana ƙara wa ɗan wasanka wata baiwa. Kwalba 4 kawai mutum zai iya saye, kuma ta farko ba ta da gardama: Juggernog, jar inji, tana cikin ɗakin kallo a kwana kusa da inda ake sayar da babbar wuƙa, kuɗinta 2,500. Da ita sai an yi maka duka 5 kafin ka faɗi maimakon 3. Wallahi duk bindigar da ke hannunka, in ba ka sha wannan ba zuwa raun na 8, rana ɗaya za a rutsa ka a kwana, kafin ka juya an gama da kai.

Wurin da injin yake kwana ce mai hanya ɗaya, kuma lokacin da ɗan wasanka ke shan kwalbar ba ya iya harbi na ɗan lokaci. Don haka a saya a ƙarshen raun, ko wani ya tsaya maka a baya yana tsaro. In kai ka riga ka sha, ɗan uwanka kuma saura masa 600, ka bar masa tagarka na raun ɗaya ya cike. Wannan ya fi maka amfani a kan ka ƙara wa kanka wata bindiga.

Sauran ukun, ga yadda nake jera su. Quick Revive 1,500 ce in ana wasan taro, tana zaure inda kuka fara, tana rage lokacin ɗaga wanda ya faɗi da rabi, aƙalla mutum biyu su sha. Double Tap 2,000, a wannan sigar tana ninka ɓarnar harsashi, ta cancanci kuɗin buɗe lungu. Speed Cola 3,000 don saurin lodi, musamman ga mai babbar bindiga. Mule Kick 4,000 ce tana ba ka damar riƙe bindiga ta uku, amma in ka faɗi sau ɗaya kwalbar ta tafi har da bindigar, ga sabon shiga asara ce kawai.

7. Akwatin sa'a da bindigar bango

Akwatin nan shi ne ke cinye ƙungiyoyi. Maki 950 duk juyi, zai iya ba ka bindigogi na musamman masu ƙarfi kamar Ray Gun ko Thundergun, zai kuma iya ba ka abin da bai kai wanda ke hannunka ba, ka sake, ka sake, kafin ka farga ka zuba kuɗin Juggernog biyu. Kuma in aka yi ta juyawa ɗan teddi zai fito, a mayar maka da 950 ɗinka akwatin ya tashi ya koma wani ɗaki, wataƙila ma ɗakin da ba ku buɗe ba. A Kino akwai allunan taswira a bango da ke nuna inda yake da koren fitila.

Dokar da za ta cece ku: babu mai taɓa akwati sai ya sha Juggernog, kuma kowa ya riƙe bindigar bango guda ɗaya a hannu ɗaya. Dalili shi ne bindigar bango in harsashinta ya ƙare za ka koma wurin zanenta ka cika da rabin kuɗinta, ta akwati kuwa in ta ƙare sai dai ka jira Max Ammo. Mutumin da ke riƙe da bindigogin akwati biyu a raun na 15 duk babu harsashi ya zama kaya a wuyan sauran. In Fire Sale ta faɗo, akwati ya koma maki 10 kuma ya bayyana a duk wurarensa na ɗan lokaci, toh a nan kowa ya ruga wanda ya fi kusa da shi.

Abu biyu ne a akwatin suka fi muhimmanci ga ƙungiya. Thundergun, wadda ke ture garke guda da iska a harbi ɗaya, mutum ɗaya ne kawai zai iya riƙe ta, harbi 2 take yi kafin lodi kuma harsashinta kaɗan ne, don haka ba a ɓata ta a kan zombi biyu, ta ceto ce. Sai birin nan mai kuge, guda 3 ake bayarwa, in ka jefa duk zombi za su bar kowa su bi shi har ya fashe. Mai biri shi ne mai ɗaga mutane, ya riƙe su don wannan aikin.

Gargaɗi: Ray Gun tana cin mai ita. In ka harba a ƙasa kusa da ƙafarka ko a jikin zombin da ya manne maka, kai ma za ka ji a jikinka, mutane da yawa da ita suke kayar da kansu.

8. Pack-a-Punch

Daga raun na 10 lissafin ya canza. Ƙarfin zombi ya daina ƙaruwa da 100, ya koma ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 duk raun. A raun na 9 yana 950, zuwa na 20 ya haura 2,700, zuwa na 30 ya kai wajen 7,000. Kaga bindigar da ke yi maka aiki a raun na 8 za ta koma kamar ba ta yin komai, dole a ƙara mata ƙarfi a injin Pack-a-Punch, 5,000 kowace bindiga.

A Kino injin yana ɗakin majigi a sama, kuma sai ta telefota ake zuwa, wato na'urar da ke ɗauke mutum nan take ta kai shi wani wuri. Za a fara danna telefotar da ke kan dandamali, sannan wani ya je zaure ya danna faifan da ke ƙasa a tsakiyar ɗakin don a haɗa su, sai a dawo dandamali a shiga. Ba a biyan ko sisi, amma duk tafiya ɗaya sai an jira ta huce an sake haɗawa. Daƙiƙa 30 kawai za ku yi a sama, saboda haka tun kafin a shiga a yanke wa zai fara sa bindigarsa. Ka sa, ka tsaya a wurin, tana fitowa ka ɗauke, in ka yi sakaci aka mayar da kai ƙasa ba ka ɗauka ba ta tafi kenan har da 5,000 ɗinka.

Kar a shiga a bar mutum ɗaya a ƙasa ba tare da ya sani ba, domin duk zombin taswirar kansa za su koma. Ko a tafi duka, ko a bar wanda ya yarda kuma ya iya zagaye. Wani abin lura, harsashin bindigar bango da aka ƙara wa ƙarfi ya tashi daga rabin kuɗi ya koma 4,500. Sannan in ka sake mayar da ita injin a kan 2,500 za ta fito da wani sihiri na musamman kamar Dead Wire mai jan lantarki ko Blast Furnace mai ƙonawa, waɗannan ba ruwansu da yawan ƙarfin zombi, su ne ke riƙe mutum daga raun na 25 zuwa sama.

9. Tsayuwa wuri ɗaya ko zagaye

Har zuwa wajen raun na 12 ko 15 za ku iya tsayawa wuri ɗaya ku huɗu, kowa da ɓangaren da yake tsaro, ana sanar da juna kafin a yi lodi don kar mutum biyu su yi a lokaci ɗaya. Bayan nan tsayuwa ta fara zama kabari, sai an koyi zagaye.

Ga sirrin: zombi 24 ne kawai ke iya kasancewa a fili a lokaci guda, sai an kashe wasu sannan wasu su fito. Don haka maimakon ka riƙa kashe su ɗaya-ɗaya sababbi na fito maka ta ko'ina, sai ka riƙa kewaya fili mai faɗi ba ka harbi har su taru su jeru a bayanka, kamar yadda shanu ke bin makiyayi in ya shige gaba. In sun dunƙule sai ka ɗan ba su tazara, ka juyo ka zuba musu wuta a saitin kai, ka juya ka ci gaba da tafiya. Ba a gudu da ƙarfi koyaushe, tafiya ake yi, ana ajiye gudun don lokacin da wani ya tare gaba. Idonka ya fi zama a gabanka, na bayan ka san inda suke, wanda ke fitowa ta gaba shi ne mai kayarwa.

Dandamalin Kino shi ne fili mafi kyau, zaure ma yana yi, haka ɗakin Speed Cola. Kowa ya ɗauki nasa fili, kuma ga babbar doka: kar ka ratsa filin wani da garkenka a baya. Zombi suna bin wanda ya fi kusa da su ne, kana shiga nasa za su rabu biyu, naka su tare masa gaba, ku duka ku faɗi. In dole ne ka wuce, ka faɗa tun daga nesa. Akwai kuma tarkunan lantarki a wasu ƙofofi, 1,000 ake kunna su, ba sa ba da maki amma suna share garke in harsashi ya yi ƙasa, sai dai kar ka bi ta ciki da kanka.

10. In wani ya faɗi

Wanda ya faɗi ya faɗi inda yake da baki, ba ihu kawai ba: ina dandamali gefen telefota, akwai goma a kaina. Ya ja jiki zuwa fili, ya bar kwana. Mutum ɗaya ne zai je ɗagawa, ba uku ba. Mai ɗagawa ya jefa biri tukuna, in babu biri wani ya janye garken zuwa wani ɗaki, ko mai Thundergun ya share wurin. Lokacin ɗagawa ba ka iya harbi, don haka in ka ga wurin bai yiwu ba kar ka shiga. Wanda ba a ɗaga ba har jininsa ya ƙare ya mutu zai dawo a raun na gaba muddin akwai mai rai ko ɗaya, amma in kuka faɗi duka wasa ya ƙare. Gara a rasa mutum ɗaya na raun ɗaya.

Wanda aka ɗaga ya rasa duk kwalabensa, wanda ya dawo bayan mutuwa kuma ya rasa har bindigoginsa. Shi ya sa daga raun na 15 nake so kowa ya riƙa ajiye aƙalla 2,500 ba ya taɓawa, yana tashi ya nufi Juggernog kai tsaye wani na rufa masa baya. Faɗuwa ta biyu tana zuwa ne a cikin minti ɗaya bayan ta farko, lokacin da mutum ke yawo ba kariya yana neman akwati.

11. Hutu tsakanin raun

Idan raun ya kusa ƙarewa, a jefa gurneti a ƙafafun na ƙarshe, sau da yawa ɗaya zai rasa ƙafa ya koma rarrafe. A bar shi. Muddin yana da rai sabon raun ba zai fara ba, a lokacin ne za a sayi harsashi, a gyara tagogi, a haɗa telefota, mai shan ruwa ya sha. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi yana jansa, domin in aka yi nisa da shi ko aka daɗe ƙwarai yakan mutu da kansa ko ya sake fitowa da ƙafafunsa. Kuma ba a kashe shi sai an tambayi kowa ya shirya.

In kun koma sababbin wasannin kamar Black Ops Cold War na 2020 ko Black Ops 6 na 2024, ku sani lissafin maki ya canza, an daina ba da 10 a kowane harsashi, kisa ake biya, don haka harbin ƙafa ba shi da amfani a can, kai za a nema. An kuma cire iyakar kwalba 4, an ƙara sulke, sannan akwai damar kiran jirgi ku fice da ranku maimakon jiran mutuwa. A Killing Floor 2 kuwa, inda mutum 6 ke bugawa, ana buɗe shago ne tsakanin rukuni da rukuni kuma za ka iya jefa wa abokinka kuɗi kai tsaye, don haka wanda ya mutu ya dawo a tara masa ya sayi makami kafin shagon ya rufe.